Yadda Jumare Ya Kawo Zari-Ruga Kusfa

A Kusfa, cikin birnin Zariya, idan ka ji ana musu a bakin zaure kuma murya ɗaya ta danne sauran, ba sai ka leƙa ba, Jumare ne. Dogo ne siriri, ga tabarau a fuska ko da hadari ya rufe rana. Sana'arsa nuna bidiyo. Ya jera benci a zauren gidansu, bayan la'asar samari su shiga kallon fim ɗin Indiya, shi kuma yana tsaye a gefen talabijin yana fassara musu abin da shi kansa bai ji ba.

A farkon shekarun casa'in mai unguwarmu ya ce bayan kaka zai naɗa Sarkin Wasa, wanda zai riƙe filin gindin ganuwa, ya raba wa samari lokacin wasa, a zaunar da shi a gaba a kowane biki. Mutum biyu ake magana a kansu. Akwai Jibril, kyaftin ɗin 'yan ƙwallon ƙafar unguwa, wanda ya daɗe yana nome ciyawar filin nan da hannunsa. Akwai kuma Jumare, wanda ko lemon tsami bai taɓa bugawa da ƙafa ba, amma wallahi yadda yake son a ce masa "ranka ya daɗe" ko abinci bai so haka. Damuwarsa ɗaya ce, ba shi da wani wasa da zai nuna.

Sai ga wasa ya zo masa a cikin kwali. Wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu ya yi gwanjon kayansa, Jumare ya sayo kwalin kaset-kaset. Ran nan fim ɗin Indiya ya tsinke ana tsakiyar waƙa, samari suka fara ihu, ya lalubo ɗaya daga cikin kwalin ya danna. Sai ga waɗansu ƙarti, wuyan kowa ya kai turmi kauri, suna kokawa a kan ƙwallo mai siffar gwanda. Mutum ya rungume ta ya ruga, a bi shi a maka da ƙasa, a hau kansa.

"Malam Jumare, faɗa ne ya ɓarke?" in ji wani daga bencin baya.

"Faɗa? Kai dai jahilci bai yi ba. Wannan shi ne ragbi, wasan manya."

"Zari-ruga dai," wani ya ce, aka kwashe da dariya. Sunan da ya bi wasan ke nan a unguwa.

Kaset ɗin na fitattun 'yan wasan Ingila ne da suka tafi buga wa ƙungiyoyin Ostiraliya wasa. Jumare ya kalle shi har hoton ya fara rawa. Da yake sunayen Turawan sun ƙi zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Mai Wuyan Turmi, wanda mutum uku ke rataye a jikinsa yana tafiya da su. Akwai Gajere, ɗan ƙarami mai mugun wayo. Akwai Tsohon Soja, kullum kansa a ɗaure da bandeji. Sai wani baƙi mai gudun tsiya, shi ya sa wa Barewa, ya kuma rantse da idonsa ya ga alamar ɗan ƙasar nan ne.

Kafin mako ya zagayo zauren ya rabu gida biyu, 'yan Barewa da 'yan Mai Wuyan Turmi. Jumare ne alƙali, shi ne kuma mai shigar da ƙara.

"Duk Ingila ba a taɓa tura wa Ostiraliya irin Barewa ba," ya ce, yana buga saman talabijin. "Na biyu Mai Wuyan Turmi. Gajere na uku, don yana da son kai."

Jibril da ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "To a wasan nan da kuke kallo, wa ya ci?"

"Ba ci ake dubawa ba."

"Me ake dubawa?"

"Salo."

"Na ga salon. Wancan haƙoransa nawa suka rage?"

"Jibril, kai da ka ƙare a guje-guje bayan ƙwallo mai kama da ƙwarya, ina za ka gane? Ka san su waye waɗannan? 'Yan arewacin Ingila ne, 'ya'yan leburori da masu haƙar kwal. Ostiraliya ta ga ƙarfinsu ta aiko da jirgi ta kwashe su. To mu 'yan ina ne? Ba 'yan arewa ba? Ƙarfi ne ba mu da shi?"

A nan take ya yanke shawara a gaban kowa. Zai kafa ƙungiyar zari-ruga ta Kusfa, ya nuna wasan a gaban mai unguwa ranar naɗi, a ɗauka a bidiyo a aika Ostiraliya. Daga nan sai dai a ji jirgi. Ya ce in mai unguwa ya ga wannan, ko kunyar ambaton sunan Jibril zai ji.

Aka fara da ƙwallo. Ya tafi wurin Malam Mustapha baduku, ya zana masa siffarta a ƙasa da tsinke.

"Matashin kai kake so?" in ji baduku.

"Ƙwallo nake so."

"Ƙwallon da ta yi tsini gaba da baya? Wa ya zauna a kanta?"

"Malam, ka ɗinka kawai, ba da kai za a je Ostiraliya ba."

Malam Mustapha ya ɗinka da fatar akuya wadda jimarta ba ta gama kamawa ba, ya cusa mata audugar rimi har ta yi tauri. Ƙwallo ta fito, sai dai duk inda Jumare ya bi da ita ƙudaje na take masa baya. Matarsa Sailuba ta ce ko ita ko abin nan a ɗaki, ya zaɓa. Ƙwallo ta koma kwana a kan katanga.

Sai turakun raga. Ya sa aka kafa gora dogaye bibbiyu a kowane ƙarshen fili, da sanda a gicciye. Washegari ya tarar Tani mai ƙosai ta ɗaura tabarma a jikin na gabas ta kafa kaskonta a inuwa, na yamma kuwa an shanya zannuwa an ɗaure tunkiya.

"Iya Tani, nan fa ragar wasa ce!"

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Tun yaushe nake roƙon a yi mini rumfa. Saura ka sa mata rufi."

'Yan wasa kuwa da samarin birni ya fara, 'yan sakandare da 'ya'yan ma'aikata. Ranar farko ɗan Hajiya Ummukulsum ya koma gida da leɓe a kumbure, riga ba hannu ɗaya. Kafin magariba Hajiya na ƙofar zauren bidiyo da mayafi a ɗaure a ƙugu.

"Kai Jumare, fito! Ɗana likita zai zama. In kana neman wanda za a tattake, ga ka nan, ba abin da kake tsinana wa kowa."

"Hajiya, a Ostiraliya..."

"Ka tafi can ɗin mana, wa ya riƙe ka?"

Samarin birni suka watse a ranar. Da wani ne da ya haƙura, amma ban da Jumare. Ya ce dama kuskurensa ne da ya nemi 'yan shayi da burodi. Ya nufi kasuwar hatsi, inda ƙartin ƙauye ke sauke buhuna bayan girbi, ya yi ta zagaya su yana latsa musu damtse. Can ya samu Idi da Inuwa, 'yan kokawa daga ƙauyuka biyu maƙwabta. Kowanensu zakara ne a garinsu, kowane da yaransa, kuma shekara da shekaru ana jiran ranar da ɗaya zai kai ɗaya ƙasa, ba ta zo ba.

"Ostiraliyar nan ta fi Legas nisa?" Idi ya tambaya.

"Legas ai bayan gida ce."

"Akwai tuwo?"

"Da naman rago, safe da yamma."

"To a fara mana da na yau," in ji Inuwa.

Haka Sailuba ta koma tuƙa tuwo a tukunyar biki. Kullum tana tuƙi tana yi wa Ostiraliya addu'ar da ba zan maimaita ba.

Wurin horo ma ba a rasa abin kallo ba. Jumare ya ce ba a jefa wa na gaba ƙwallo, sai na baya. Inuwa ya ce to yaushe za a isa? Jumare ya ce haka Turawa ke yi. Da aka zo batun kama mutum a kayar, sai ƙartin suka tsaya cirko-cirko suna kallonsa.

"Malam, ba a kokawa ba ganga," in ji Idi. "Ba makaɗa, ba 'yan kallo, in kayar da mutum wa ya gani? Ka bari sai ranar."

Jumare ya ji daɗin maganar. Ya ce ai wannan ɓangaren sun fi Turawa iyawa, ba sai an koya musu ba. Sauran kwanakin ya cinye su yana ba su labarin yadda ake ɗaura bel a jirgin sama.

Ranar naɗi fili ya cika maƙil. Mai unguwa na zaune a kujera, ga sabon rawani a naɗe a kan faifai kusa da ƙafarsa. Jibril da 'yan ƙwallonsa suna gefe sun harɗe hannu. Abin da Jumare bai shirya ba shi ne, Idi da Inuwa kowa ya zo da mutanen garinsu, da mata masu guɗa, da makaɗan kokawa. Da ya ga taron sai kansa ya ƙara girma. Ya fito da gajeren wando, usur a wuya, ƙafafu kamar sillen kara, ya yi jawabi mai tsawo a kan Barewa da Mai Wuyan Turmi har tunkiyar da ke ɗaure a raga ta kwanta. Mai ɗaukar bidiyon da ya yi alkawari bai zo ba, Jumare ya ce ba komai, labari zai kai Ostiraliya da kansa.

Ya busa usur. Wani yaron Inuwa ya tako da gudu ya sheme ƙwallo da ƙafa, ta ce "bif" ta mirgina nan kusa da shi ta tsaya. Wani ƙato daga ɓangaren Idi ya sure ta ya ruga. Bai yi nisa ba aka tare shi, aka sa masa ƙafa, sai ga shi rigingine.

Ganga ta tashi! Mata suka rangaɗa guɗa. Wanda ya yi kayen ya ɗaga hannu sama, ya bar fili a guje, ya durƙusa gaban mai unguwa ya shiga kirari, yana ambaton kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kayar ya tashi a hankali, ya kakkaɓe jiki, ya ɗauki takalmansa, ya sunkuyar da kai ya nufi bayan ganuwa.

"Kai! Ina za ka?" Jumare ya bi shi yana busa usur. "Dawo, ba a gama ba!"

"In dawo in yi me? Na sha kaye a gaban mutanen garinmu."

"Ai yanzu aka fara!"

"Kai aka fara wa. Ni tawa ta ƙare."

Da ƙyar aka sake jera sauran. Aka busa, wani ya ɗauka, aka kayar da shi, ganga ta tashi, mai kaye ya tafi kirari, wanda ya faɗi ya nemi takalmansa. Haka aka yi ta yi. Kowane busa sai fili ya rage mutum biyu, don wanda ya yi kaye ma ba ya dawowa, yana can mata na yi masa fifita. Jumare ya yi gabas ya yi yamma, gumi har cikin tabarau, ba mai jin usur ɗinsa saboda ganga.

Can sai fili ya rage daga Idi sai Inuwa, ƙwallo a tsakaninsu. Makaɗa suka canja kiɗa, ga ranar da aka daɗe ana jira. Amma duk su biyun sun lura da abu ɗaya: duk wanda ya rungumi abin nan hannuwansa sun ɗaure, shi ake kayarwa. Sai suka shiga zagaya ta, kowa ya ranƙwafa, ba mai taɓawa.

"Ɗauki mana, Idi."

"Kai ne babba, Inuwa. Bisimilla."

"Na bar maka, ai kai ka fi son zuwa Ostiraliya."

"Na fasa. Ban gama sussuka ba."

Suka yi ta zagaye, ƙudaje ne kaɗai suka kusanci ƙwallon. Mutane suka fara dariya, ta Jibril ta fi ta kowa ƙarfi. Mai unguwa ya yafito Jumare da hannu.

"Jumare, wasan ya ƙare ne, ko bai fara ba?"

"Ranka ya daɗe, ƙauyanci ne ya yi musu yawa. A wasan nan faɗuwa ba abin kunya ba ce. Su Mai Wuyan Turmi kullum a ƙasa suke wuni. An kayar da kai, ka tashi, ka tura ƙwallo baya da dunduniya, a ci gaba. Doka ta yarda a kayar da ku har sau shida."

Ganga ta tsaya. Idi ya miƙe daga ranƙwafawar da ya yi.

"Sau shida? A kai namiji ƙasa sau shida, ya tashi ya koma gida ya kalli matarsa?"

"Ƙwarai. A Ostiraliya har tafi ake masa."

"To Malam Jumare, ai gani ya fi," in ji Jibril daga gefe, da ladabinsa kamar gaske. "Tunda kai ka san dokar, nuna musu. Mu ma mu ƙaru."

"A nuna! A nuna!" taro ya ɗauka.

Jumare ya dubi Idi, ya dubi Inuwa. Sannan ya dubi rawanin nan a kan faifai, fari sol, yana jiran kai. Ya tuna yadda Barewa ke gocewa, ya yi hagu ya yi dama ya bar ƙarti suna rungumar iska. Ai ya kalla ya fi a ƙirga. Ya gyara tabarau ya ɗauki ƙwallo.

Ya yi hagu, kafin ya yi dama Idi ya cafe shi a ƙugu ya ajiye shi a ƙasa, tim!

"Ɗaya!" in ji taro.

Ya tashi yana murmushin dole. Ya ajiye ƙwallo ya tura ta baya da dunduniya, da yake ba kowa a bayansa sai ya zagaya ya ɗauko abarsa. Inuwa ya ga Idi ya samu guɗa shi bai samu ba, ya ce ina, ba za a yi haka ba. Ya ɗaga Jumare sama har sai da mutanen baya suka ga tafin ƙafarsa, ya juya da shi, sannan ya sake shi.

"Biyu!"

Tabarau ya yi nasa wuri, usur ya koma ƙeya. Daga cikin mata aka ji muryar Sailuba: "Malam, ka kwanta abinka! Wa ya aike ka?" Ya ɗaga mata hannu wai ta kwantar da hankalinta, salo ne.

Labari ya kai bayan ganuwa cewa ga wani mutum a fili da ake kayarwa ba ya fushi, kuma saura huɗu. Sai ga waɗanda suka sha kaye ɗazu suna dawowa da gudu, takalma a hannu, kowa na son ya wanke kansa kafin a koma gida. Har layi suka yi, suna musu a kan wa ya riga wa. Na uku ya sa masa ƙafa. Na huɗu ya yi masa ɗaukar buhun masara. A na biyar ɗinkin Malam Mustapha ya gaza, ƙwallo ta fashe a ƙirjinsa, audugar rimi ta tashi ta manne a gumin fuskarsa har gira. Ya miƙe da rarrafe, fatar akuya a hammata, yana tangaɗi, bai ma san inda raga take ba.

Na shida tausayinsa ya ji. Yatsa ɗaya ya sa masa a goshi ya tura.

"Shida!"

Makaɗa suka saki kiɗa, Tani ta bar ƙosai yana ƙonewa tana riƙe da ciki don dariya. Jumare na kwance yana kallon sama, numfashi da ƙyar. Mai unguwa ya taso da kansa, ya tako har inda yake, ya sa aka tsayar da ganga.

"Sannu, Jumare. Lallai ka san wasan nan."

"Na gode... ranka ya daɗe."

"Yanzu an cika shidan. A dokar Turawan naka, idan an kayar da mutum sau shida bai kai ko'ina ba, sai me?"

Ko a wannan hali Jumare ba zai iya jin tambayar da ya san amsarta ya yi shiru ba. Ya tofar da auduga, ya ɗaga yatsa, ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji ya sani.

"Sai a miƙa wa ɗaya ɓangaren, ranka ya daɗe."

Mai unguwa ya gyaɗa kai. Ya juya ya karɓi faifai, ya warware rawani.

"To kun ji daga bakin masani," ya ce. "Jibril, matso."